Kafin ka gina kenel, ka san wa zai karɓi na'urar daga hannunsa

Duk wanda ya saka Ubuntu ko Debian ko Fedora a kwamfutarsa ya ga ta tashi lafiya, wasu ne suka ɗauke masa nauyin da bai ma san da shi ba. Masu haɗa waɗannan manhajoji sun riga sun daidaita kenel ɗin Linux, zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan na'ura, da manhajar farko da za ta karɓi na'urar daga hannunsa, wato init. Nauyin yana dawowa kan mutum ne ranar da ya ce zai gina kenel da kansa. Masu yin haka a nan Legas ba su da yawa, amma akwai su: masu gyara a Computer Village ta Ikeja da ke son farfaɗo da tsofaffin laftof na tokumbo masu ƙaramin RAM, samarin da ke sayo ƙananan alluna masu furosesar ARM ko akwatunan kallo daga Alaba su mai da su saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori aiki, da masu koyon aikin a Yaba. Abin da nake gani a wurin yawancinsu shi ne sukan fara da kenel, su datse abin da za su datse, sai na'ura ta ƙi tashi sannan su tuna da init. A ganina a baibai ake aikin. Init ake fara zaɓa, sannan a gina kenel ɗin da zai iya ɗaukarsa.

Dalili yana cikin yadda miƙa ragamar ke faruwa. Idan kenel ya gama gane furosesa da RAM da faifai, sai ya ɗaura tushen fayiloli, ya nemi manhaja guda ɗaya tak ya kunna. In akwai initramfs, wato ƙaramin tushen fayiloli na wucin gadi da ake lodawa cikin RAM, /init yake fara nema. In babu, sai ya duba ko an gaya masa wata hanya da init= a layin tashi, sannan ya gwada /sbin/init, da /etc/init, da /bin/init, a ƙarshe /bin/sh. Wadda ya samu ita ce ke karɓar lamba 1, kuma duk wani abu da zai gudana a na'urar daga gare ta zai fito. Idan bai samu ko ɗaya ba, sai ya tsaya cak da saƙon "No working init found". Idan kuma ya samu amma ta mutu daga baya, sai ya rubuta "Attempted to kill init!" shi ma ya tsaya. Kowace manhaja a Linux tana iya faɗuwa a tashe ta, ban da wannan. Saboda haka duk abin da mai lamba 1 yake bukata a daƙiƙarsa ta farko dole ya tarar da shi a shirye, domin babu wanda ke samansa da zai kawo masa ɗauki.

Bukatun kuwa sun bambanta ƙwarai daga init zuwa init. Na BusyBox da tsohon SysVinit masu ƙaramin ciki ne. A saitin ginin kenel, inda sunan kowane zaɓi yake farawa da CONFIG_, a ba su CONFIG_BINFMT_ELF don kenel ya iya kunna manhaja, da CONFIG_BINFMT_SCRIPT don ya gane fayilolin umarni masu farawa da #!, da /proc, da /sys, da wata hanya ta samun /dev/console, za su tashi. Na biyun nan ana yawan raina shi. Rubutun tashi na SysVinit da na takwaransa OpenRC duk fayilolin umarni ne, haka ma /init na yawancin initramfs da mutum ke haɗawa da hannu. In an kashe shi, saƙon da ake gani shi ne "Failed to execute /init (error -8)", alhali fayil ɗin yana nan lafiya ƙalau. Lambar da ke cikin saƙon tana da amfani: 8 na nufin kenel bai gane irin fayil ɗin ba, 2 kuma na nufin akwai abin da bai samu ba, sau da yawa ma ba init ɗin ba ne ya ɓata, ɗakin karatun C ne, wato tarin lambobin da manhajoji ke ara, da yake dogara da shi ba a saka ba.

Init ɗin da ake kira systemd kuwa wani al'amari ne daban. Lennart Poettering da Kay Sievers ne suka fito da shi a 2010, Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka bi a 2015. Tun farko masu shi sun ce Linux kaɗai suke yi wa aiki, kuma za su mori duk abin da kenel ɗin Linux yake da shi wanda sauran dangin Unix ba su da shi. Wannan shawarar ce ta ba shi ƙarfinsa, ita ce kuma ta tsawaita jerin bukatunsa. Mutum na iya ƙin shawarar, kamar yadda waɗanda suka ware daga Debian suka kafa Devuan suka ƙi, amma ba zai karɓi systemd ya kuma hana shi abin da aka gina shi a kai ba.

Babba a cikin bukatun shi ne CONFIG_CGROUPS, hanyar da kenel ke raba manhajoji rukuni-rukuni. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, su suka fara aikin a 2006, ya shiga kenel 2.6.24 a farkon 2008. Mutane da yawa sun ɗauka amfaninsa shi ne taƙaita RAM da furosesa, don haka mai ƙaramar na'ura sai ya ce ba ya bukata. Amma abin da ya sa systemd ba ya rayuwa sai da shi ba taƙaitawa ba ce, sanin na wane ne wane. A tsohon tsari, hidima, wato manhajar da init ke tayarwa ta yi wa na'ura wani aiki, takan tashi, ta haifi ɗa, uwar ta mutu, ɗan ya ci gaba da aiki a bayan fage ya rubuta lambarsa a wani fayil. Ranar da za a tsayar da hidimar, wannan fayil ake karantawa. In wuta ta ɗauke fayil ɗin ya tsufa, ko ɗan ya haifi wasu 'ya'yan da ba a rubuta ba, to init ba shi da tabbacin waɗanda zai kashe. systemd yana saka kowace hidima a rukuninta tun kafin ta fara, kuma duk abin da ta haifa a cikin rukunin yake zama. Umarnin systemd-cgls yana nuna wannan bishiyar. Shi ya sa takardar bukatun systemd ta ce ana iya kashe duk masu taƙaitawar, amma cgroups ɗin kansa dole ne. In babu shi, systemd ya kan kasa ɗaura fayilolin da yake bukata, kuma tun da ya san mutuwarsa za ta kayar da kenel, sai ya daskare a wurin ya bar allo da layi biyu ko uku.

Sai wasu ƙanana huɗu da ke tafiya tare: CONFIG_EPOLL, CONFIG_SIGNALFD, CONFIG_TIMERFD da CONFIG_INOTIFY_USER. Mai lamba 1 yana jiran abubuwa barkatai a lokaci guda, hidimar da ta mutu, lokacin da ya cika, fayil ɗin da ya canza, saƙon da ya shigo. Ukun ƙarshe suna mai da sigina da agogo da canjin fayil su zama abin da ake karantawa kamar fayil, epoll kuma yana ba shi damar ya zauna wuri guda yana sauraron dukansu. Ukun farko a kunne suke zuwa, kuma menuconfig, allon zaɓen saitin kenel, ba ya ma nuna su sai an kunna CONFIG_EXPERT. Wanda ya fara da make defconfig da wuya ya yi karo da su. Wanda ya fara da make tinyconfig don neman kenel mafi ƙanƙanta, a kashe zai same su.

Akwai tarkon da na fi ganin masu wayo suna faɗawa. Mutum zai ce na'urar nan ba za ta taɓa hawa intanet ba, allon talla ne kawai ko na'urar auna wani abu, sai ya kashe CONFIG_NET gaba ɗaya. CONFIG_UNIX a ƙarƙashinsa yake, kuma da shi manhajojin cikin na'ura guda suke magana da junansu. journald da udev da D-Bus da systemctl duk ta nan suke bi. Direbobin katin sadarwa ana iya zubar da su duka, amma NET da UNIX su zauna.

Batun /dev ma yana da tarihi. A da, da hannu ake ƙirƙirar fayilolin na'urori, daga baya udev, manhajar da ke kula da na'urorin da aka jona, ya karɓi aikin. Tun kenel 2.6.32 a ƙarshen 2009 akwai devtmpfs, inda kenel da kansa yake ƙirƙirar su, udev kuma ya koma gyara izini da sunaye. A 2012 aka haɗe udev cikin systemd, kuma udev na yanzu ba ya ƙirƙirar waɗannan fayiloli, yana sa ran ya tarar da su. Don haka CONFIG_DEVTMPFS dole ne. Ɗan'uwansa CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT yana sa kenel ya ɗaura /dev kafin ya kira init, amma a lura, ba ya aiki a cikin initramfs. A can rubutun /init ne zai ɗaura da kansa. Haka kuma /run a kan tmpfs yake zama, don haka CONFIG_TMPFS ma ba abin taɓawa ba ne.

Na ga aikin CONFIG_FHANDLE da idona a wani shago da ke saman bene a layin Otigba. Yaron shagon, ɗan Agege ne mai ƙwazo, ya samo wani allon ARM ya haɗa masa tsohon kenel ɗin da kamfanin allon ya saki, ya ɗora Debian a kai. Ya jona wayoyi uku na siriyal, baƙa da fara da koriya, zuwa laftof ɗinsa. Rubutu ya yi ta gudu da koren OK a gefe, sai ya tsaya a layi guda, jajayen taurari suna kai da komo, ana ƙirga daƙiƙa zuwa minti ɗaya da rabi: "A start job is running for dev-ttyS0.device". Da lokacin ya cika sai aka ce abin da ya dogara da shi ya gaza, wurin shigar da suna bai fito ba.

"Yaya, siriyal ɗin ne ya ƙone?" in ji shi, yana shirin ɗauko wata waya.

Na ce, "Ƙanena, ta ina kake karanta saƙon? Ai ta siriyal ɗin ne."

Ya yi shiru, sannan ya buɗe .config, fayil ɗin saitin kenel, ya nemi FHANDLE, ya tarar an rubuta "is not set". Tashar tana nan tana aiki, kenel yana rubutu ta cikinta. Abin da ya faru shi ne systemd ba ya yarda na'ura ta wanzu sai udev ya sanar da shi, udev kuma ya dogara da kiran da FHANDLE ke samarwa, wanda ya shigo a kenel 2.6.39 a 2011. Sanarwar ba ta iso ba, sai systemd ya jira daƙiƙa 90 ɗinsa ya haƙura. Saitunan kamfanonin alluna da yawa an rubuta su ne don Android ko BusyBox, waɗanda ba su damu da wannan ba. Ya kunna, ya sake ginawa, allon ya kai shi wurin shiga.

Ba kunnawa kaɗai ba ce, akwai abin da ake so a kashe. CONFIG_SYSFS_DEPRECATED, a tsofaffin kenel da ke da shi, yana jera /sys a tsohon fasali da udev ba ya ganewa. CONFIG_FW_LOADER_USER_HELPER yana sa kenel ya jira wata manhaja ta miƙo masa firmware, aikin da udev ya daina yi tuntuni. Wanda ya fi koyar da darasi shi ne CONFIG_UEVENT_HELPER. Yana sa kenel ya kunna wata manhaja duk lokacin da aka ga sabuwar na'ura. A wurin udev wannan jinkiri ne da ruɗani, don haka ake so a bar hanyarsa babu komai. Amma mdev na BusyBox, a yadda aka saba amfani da shi, da wannan hanyar yake aiki: ana rubuta /sbin/mdev a cikin /proc/sys/kernel/hotplug. Zaɓi guda, wani yana so a rufe, wani ba ya ganin filas ɗin da aka soka sai da shi. Babu wani saitin kenel da za a ce shi ne daidai ba tare da an faɗi init da mai kula da na'urorin da za su hau kansa ba. Shi ya sa kwafo .config na wani daga intanet ba tare da sanin abin da yake gudanarwa ba yake jawo wahala.

Duk waɗannan da na lissafa, in an yi kuskure a kansu, na'ura takan yi ƙara. Ta ƙi tashi, ko ta daskare, ko ta tsaya ƙirga. Suna cin lokaci da man janareta, amma ba sa yaudara, kuma mutum ba zai kai wa mai kaya na'urar da ba ta tashi ba. Waɗanda suka fi damuna su ne na rukuni na biyu, waɗanda takardar systemd ta kira na zaɓi ko na wata bukata ta musamman. In babu su na'ura tana tashi sumul, systemctl status yana nuna kore, amma wani abin da aka rubuta a fayil ɗin hidima ba ya aiki.

A ɗauki mai shagon da ya haɗa ƙaramar saba don lissafin kaya da bashin abokan ciniki, ko wanda ke raba intanet ga maƙwabtan shaguna. Ya karanta cewa ana tsare hidima, sai ya rubuta MemoryMax= don kada manhaja ɗaya ta cinye RAM, da CPUQuota= don kada ta riƙe furosesa, da IPAddressDeny= don ma'ajiyar bayanai ta yi magana da cikin gida kawai, da PrivateNetwork=, da SystemCallFilter=. Kowanne a cikinsu roƙo ne systemd yake miƙa wa kenel. MemoryMax= yana bukatar CONFIG_MEMCG. CPUQuota= yana bukatar CONFIG_CFS_BANDWIDTH, wanda shi ma yana kan CONFIG_FAIR_GROUP_SCHED da CONFIG_CGROUP_SCHED. TasksMax= yana bukatar CONFIG_CGROUP_PIDS. IPAddressDeny= yana bukatar CONFIG_BPF_SYSCALL da CONFIG_CGROUP_BPF. PrivateNetwork= yana bukatar CONFIG_NET_NS. SystemCallFilter= yana bukatar CONFIG_SECCOMP da CONFIG_SECCOMP_FILTER. In kenel ba shi da abin, a galibin waɗannan systemd ba ya hana hidimar tashi. Wani lokaci ya bar layin gargaɗi guda a journal, wani lokaci ma sai an ɗaga matakin bayanai kafin a ga ya tsallake. Littafin jagorarsa bai ɓoye ba: a ƙarƙashin IPAddressDeny= da PrivateNetwork= ya yi gargaɗin cewa saitin na iya zama ba shi da tasiri a wasu na'urori, kada a dogara da shi kaɗai wajen tsaro. Kamar kwaɗo ne da aka rataya a ƙofar shago ba a danna ba: mai wucewa yana ganin a kulle, mai shagon ma ya tafi gida da wannan zaton.

Na fahimci dalilin masu systemd. Fayil ɗin hidima guda ana raba shi ga na'urori iri-iri, daga manyan saba zuwa kwantena, kuma da za a ce duk inda wani tsaro ya gagara sai hidima ta ƙi tashi, da masu rubuta manhaja sun daina saka tsaron gaba ɗaya. Amma sakamakon shi ne nauyin tabbatarwa ya koma kan wanda ya gina kenel. Kuma tabbatarwar ba ta da wuya. A karanta /sys/fs/cgroup/cgroup.controllers a ga ko memory da pids da cpu da io suna ciki. A kunna ip link ta hanyar systemd-run tare da PrivateNetwork=yes; in an ga wani abu ban da lo, hanyar da na'ura ke magana da kanta, katangar ba ta tsaya ba. A gwada ping a ƙarƙashin IPAddressDeny=any; in amsa ta dawo, babu shinge. A duba layin Seccomp a fayil ɗin status da ke cikin /proc/, a ƙarƙashin lambar hidimar. 2 na nufin tacewar tana aiki, 0 na nufin babu. Minti biyar ne, kuma ni a wurina duk wanda bai yi su ba bai gama gina kenel ba.

Ko zaɓin yana cikin .config ma ba a gama ba. Kenel ɗin Raspberry Pi ya daɗe yana zuwa da MEMCG a ciki amma a kashe, sai an ƙara cgroup_enable=memory a cmdline.txt. Wanda ya duba .config kawai zai ga y, alamar an kunna, ya kwantar da hankali. Fayil ɗin cgroup.controllers ne ke faɗin abin da ke gudana a zahiri.

Biyu daga cikin zaɓuɓɓukan suna bukatar hukunci, ba bin jeri ba. CONFIG_RT_GROUP_SCHED sunansa yana jan hankalin masu aikin sauti, su ga kamar zai taimaka. A ƙarƙashin systemd akasin haka yake yi: yana sa dole a ware wa kowane rukuni kasonsa na lokacin gaggawa, systemd kuma ba ya warewa, sai manhajar da ta nemi wannan matsayi a hana ta. Masu systemd sun ba da shawarar a kashe shi. CONFIG_USER_NS kuwa PrivateUsers= da kwantena marasa izinin root da katangar wasu burauza suna bukatarsa, amma yana buɗe wa mai amfani na gama-gari sassan kenel da a da root kaɗai ke taɓawa, kuma an sha samun ɓaraka ta nan. Debian ta daɗe tana taƙaita shi kafin ta sassauta a Debian 11, Ubuntu 24.04 kuma ta taƙaita shi ta hanyar AppArmor. A laftof zan bar shi. A akwatin da aikinsa ɗaya ne kuma babu kwantena, zan cire shi bayan na tabbatar babu hidimar da ke nemansa.

Akwai kuma abin da halin wutarmu ya sa ya fi muhimmanci a nan. Na'urar da aka ajiye a saman silin ko cikin akwatin ƙarfe a bayan shago, tsakanin wutar gari da janareta da inbata, wata rana za ta maƙale ba tare da ta mutu ba. systemd yana iya taɓa agogon tsaro na cikin allo lokaci-lokaci, in ya daina taɓawa sai allon ya sake kunna kansa. Ana saita shi da RuntimeWatchdogSec= a /etc/systemd/system.conf, kuma a kashe yake zuwa. Amma sai da CONFIG_WATCHDOG da direban allon, iTCO_wdt a yawancin na'urorin Intel, bcm2835_wdt a Raspberry Pi. Shi ma in direban babu, na'ura za ta tashi kamar komai daidai. Wanda ya taɓa ratsa cunkoson Oshodi ko gadar Third Mainland don kawai ya zare waya ya mayar ya san darajar wannan layin.

Game da y da m, wato a gina zaɓi a cikin kenel ko a ware shi a matsayin modul, ƙa'idar gajeriya ce. Modul fayil ne a kan faifai, don haka duk abin da ake bukata kafin a iya karanta faifan ba zai zama modul ba sai in yana cikin initramfs, wanda shi kuma yana bukatar CONFIG_BLK_DEV_INITRD. Direban SATA ko NVMe ko MMC, da ext4 ko duk tsarin da tushen yake kai, da CONFIG_EFI_PARTITION in faifan GPT ne: in direban ko tsarin fayilolin ya zama m babu initramfs, ko EFI_PARTITION ya kasance a kashe, saƙon shi ne "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block", kuma ba a ma kai ga init ba. Mutane sukan zargi systemd a nan alhali bai ko farka ba.

Ta yaya za a yi aikin? Ni dai ba na ba kowa shawarar farawa daga fanko. A fara da saitin da aka san yana tashi, na /boot ko na /proc/config.gz in an kunna CONFIG_IKCONFIG_PROC, a bi da make olddefconfig, sannan a rage kaɗan-kaɗan ana gwadawa, tsohon kenel yana nan a GRUB, jerin zaɓin tashi, don komawa. make localmodconfig, aikin Steven Rostedt, yana zubar da duk modul ɗin da ba a loda ba a lokacin, kuma yana rage lokacin gini sosai. Amma a shagon gyara sai an yi hattara: filas ɗin da ba a soka ba da firintar da ba a jona ba, direbobinsu za su tafi. A kuma tuna cewa gyara .config da hannu ba ya tabbatar da komai. Kowane zaɓi yana da waɗanda ya dogara da su, in ba su cika ba sai Kconfig, tsarin da ke tantance saitin, ya share layin ba tare da ya ce uffan ba. Wanda ya rubuta CONFIG_CGROUP_BPF=y bai kunna BPF_SYSCALL ba zai tarar layin ya ɓace. A menuconfig, danna / a rubuta sunan yana nuna inda yake da abin da ya hana shi fitowa, scripts/diffconfig kuma yana nuna bambancin saiti biyu. Sunaye ma suna canzawa, AUTOFS4_FS ya koma AUTOFS_FS, don haka jerin da za a bi shi ne na fayil ɗin README na sigar systemd ɗin da za a girka, ba na wani tsohon rubutu ba.

Wasu sun sauƙaƙa wannan. Kenel ɗin Gentoo yana da sashe na musamman a menuconfig inda ake zaɓar OpenRC ko systemd, GENTOO_LINUX_INIT_SCRIPT ko GENTOO_LINUX_INIT_SYSTEMD, zaɓin kuma ya jawo bukatunsa da kansa. Buildroot ma in an zaɓi systemd yakan kunna waɗanda suka wajaba a saitin kenel. Duk biyun sun bi tsarin da nake faɗa, init a gaba, kenel a baya.

Ya kamata a faɗi gaskiya kan ribar da ake nema. Epoll da signalfd da fhandle ƙanana ne ƙwarai. Girman kenel ɗin Debian ko Ubuntu yana cikin dubban direbobi ne, mafi yawansu modul da ba a ma lodawa, ba sa cin RAM. Laftof mai RAM gigabait 2 ba za ta yi sauri don an cire TIMERFD ba. Burauza da tebur ɗin zane su ne ke cinye ta. In da gaske na'urar ƙarama ce, irin rawuta mai megabait 64 ko 128, maganin ba a matse systemd cikin kenel ɗin da aka yanke ba ne. A canza init. OpenWrt tana amfani da procd saboda irin waɗannan na'urori, Alpine tana amfani da OpenRC da BusyBox, Void tana amfani da runit.

Wannan ya fi shafar masu akwatunan Alaba. Yawancinsu suna maƙale da tsohon kenel na kamfani, na jerin 3 ko 4, saboda direban hoto ko na Wi-Fi ba ya cikin babban kenel. systemd kuwa yana tafiya gaba. Siga ta biyu ta cgroups, aikin Tejun Heo, ta zama a hukumance a kenel 4.5 a 2016. Fedora 31 ta koma kanta a 2019, Debian 11 a 2021. systemd 256 a 2024 ya daina yarda ya tashi a kan tsohuwar siga sai an tilasta shi, 258 a 2025 ya cire ta gaba ɗaya, ya kuma ɗaga mafi ƙarancin kenel zuwa 5.4. Wanda ke riƙe da kenel 3.14 ko 4.4 ba zai warware wannan da menuconfig ba, domin abin da ake nema ba ya cikin lambar kenel ɗin ballantana a kunna shi. Hanyoyinsa uku ne: ya nemi babban kenel da ke tallafa wa allon ya haƙura da direban da zai rasa, ko ya zauna kan tsohuwar manhajar da gyaran tsaronta ya ƙare, ko ya ɗora Alpine ko Devuan ko wani tsari mai init mara yawan bukata. In akwatin saba zai zama, ba ya bukatar direban hoto, don haka ta farko nake fara gwadawa. In ta gagara sai ta uku. Ta biyu ba na yarda da ita ga na'urar da za ta riƙe lissafin kuɗin mutane kuma tana jone da intanet.